Sharar Ƙarƙashin Gado Na Tara

Kwana goma sha ɗaya ke nan Auta tana sharar ɗakin mata na babban asibiti, amma har yau in ta iso gado na tara sai tsintsiya ta yi mata nauyi a hannu. Ga riga mai ruwan lemo da aka ɗora mata a kan kayanta, an rubuta "Aikin Hukunci" a bayanta da manyan baƙaƙe, don kada ma wanda bai tambaya ba ya rasa sani. Masu jinya kan jawo jakunkunansu kusa da ƙafa in ta gifta, wata har takan bi kwanukanta da ido sai Auta ta wuce. Duk wannan ta iya haɗiye shi. Abin da ya gagare ta shi ne gadon nan na tara, mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da guntun katako, domin a kansa Yayarta ta cika bara, daidai ana kiran la'asar, tana riƙe da wuyan hannun Auta da wani irin ƙarfi da ba a san marar lafiya da shi ba. "Auta... kar ki bari Mamana ta shiga gidan Gwaggo. Kin san abin da muka gani a can... ki yi mini alkawari!" Ta yi alkawarin, hannun ya saki. Yanzu wata tsohuwa ce a kan gadon, amma duk sanda katakon ya yi ƙara sai Auta ta ji tarin Yayarta a bayan kunnenta, ta waiwaya a firgice, ba kowa sai labule.

Mamana ita ce 'yar marigayiyar, shekararta biyar. Sunan mahaifiyar su Auta aka sa mata, shi ya sa ba mai iya kama sunan a gidan. Ubanta ya riga uwar rasuwa, don haka hukumar kula da marayu ta bar ta a hannun Auta na gwajin shekara guda, in ba a sami wani aibi ba a tabbatar mata da riƙo. Gwaggo kuwa, ƙanwar mahaifin su Auta ce, ita ta riƙe su bayan iyayensu sun rasu, in har za a kira wannan riƙo. Su ne wanki, su ne ɗebo ruwa, su ne cin ƙanzon tukunya a tsaye bayan kowa ya ƙoshi, ga tabon wuta a gwiwar hannun Auta har yau yana ba da labari. Ɗan Gwaggo tilo, wanda duk unguwa ke kira Ɗan Lele, ya girma ya zama makanike, kuma bai taɓa yin laifi a idon uwarsa ba tun daga ranar suna. Abu ɗaya da mahaifin su Auta ya bari shi ne babur mai ƙafa uku na dako. Takardunsa da sunan Auta suke, amma makullinsa a aljihun Ɗan Lele yake kwana.

Da wannan babur ɗin ne ya kwashi jarkokin baƙin mai daga garejinsa, ya je ya tuttule su a magudanar ruwa. Duba-gari ya hango daga nesa, bai ga fuska ba amma ya rubuta lamba, sammaci ya zo da sunan mai babur. Ranar ce Gwaggo ta fara taka ɗakin Auta tun bayan zaman makoki, ta zube a tabarma tana sharɓar kuka, har da kiran ta "'yata", kalmar da Auta ba ta taɓa ji daga bakinta ba.

"'Yata, ki rufa mini asiri! Ɗan'uwanki ya taɓa yin irin wannan, an rubuta shi. In aka sake rubuta shi, laifin ya hau, gidan yari ne. Ke kuwa takardarki fara ce fes. Ki ce ke ce, gargaɗi kawai za a yi miki ki dawo gida. Ai ba laifi ba ne wannan, ƙanin laifi ne! Ko kin manta wa ya ciyar da ku?"

Wayyo Auta! Marayan da bai saba jin magana mai daɗi ba, kalma ɗaya ta isa ta rufe masa ido. Ta je kotu ta sunkuyar da kai ta ce ita ce. Sai dai kafin alƙali ya yanke, magatakardan kotu, wani dattijo mai tabarau, ya karanto mata abin da Gwaggo ba ta ƙarasa faɗi ba. Ya ce laifi a wajen doka hawa uku ne. Na ƙasa shi ne saɓa ƙa'ida, irin su zubar da ƙazanta da tare hanya, hukuncinsa gargaɗi, ko tara, ko aikin al'umma, kuma bayan shekara akan goge shi. Na tsakiya shi ne ƙaramin laifi, wannan akwai ɗaurin watanni a cikinsa, kuma yana zama a takardar mutum. Na sama shi ne babban laifi, Allah ya tsare. "Amma ki saurara da kyau, 'yar nan," in ji shi, yana dubanta ta saman tabarau. "Wanda ya maimaita na ƙasa kafin shekara ta zagayo, ya taka hawa na biyu da ƙafarsa." Alƙali ya ba ta sharar asibiti ta kwana talatin, daga ƙarfe biyu zuwa biyar na yamma. Ɗakin da aka tura ta kuwa, shi ne wanda Yayarta ta cika a cikinsa.

Daga nan masifa ta riƙa zuwa bi da bi. Mai shagon wanki da guga inda take aikin safe ya ji labarin rigar lemo, ya ce masu kawo kaya ba za su yarda ba, ta ɗan huta tukuna. Maƙwabta suka rage amsa gaisuwarta. Jami'ar marayu ta zo ta zauna a bakin katifa, ta buɗe fayil ta ce, "Wannan na ƙasa ne, ba zai hana ki riƙo ba. Amma in sunanki ya hau hawa na biyu, doka ba ta bar mini zaɓi ba, yarinya za ta koma hannun dangi mafi kusa." Auta ba ta tambayi wane ne dangi mafi kusa ba, gwiwar hannunta ce ta yi mata zafi. Ana cikin haka Gwaggo ta sake dawowa, wannan karon babu hawaye, ta zauna tana ƙare wa Mamana kallo kamar mai taya akuya a kasuwa.

"Ƙafafuna sun gaji, Auta. Ki ba ni yarinyar nan ta riƙa miƙo mini abu. Ke da kike fama da shara, ina kika ga lokacin raino?"

"Ki yi haƙuri, Gwaggo," in ji Auta, "Yaya ta bar mini amana. Kuma don Allah ki ce wa Yaya Lele ya kawo mini makullin babur."

Gwaggo ta miƙe ta kakkaɓe zani. "Au, har kin yi baki? To, za mu gani. Da safe dai kina gida ke kaɗai, ko?" Ta fita ba sallama, ta bar Auta tana mamakin tambayar.

A asibiti, wadda ke kula da masu aikin hukunci wata dattijuwa ce siririya, shugabar masu shara, da ake kira Inna Agogo. Ba ta dariya, ba ta karɓar uzuri. Tana da babban littafi mai baƙin bango, in ka zo sai ta dubi agogon hannunta ta rubuta har minti, ka dangwala yatsa, babbar nas ta ɗakin ta sa hannu. An ce ta taɓa rubuta wa kanta latti. A rana ta goma sha ɗaya ɗin nan, Auta tana duƙe tana zaƙulo ƙura daga ƙarƙashin gado na tara, sai ladan ya ɗaga murya, katakon ya yi ƙara, ta ji an kama wuyan hannunta, wallahi ta ji! Tsintsiya ta suɓuce, Auta ta sulale ƙasa a sume. Da ta farfaɗo, a ɗakin ajiye bokitai ta gan ta, Inna Agogo na yayyafa mata ruwa. Nan Auta ta fashe da kukan da ta shekara tana dannewa, ta faɗi komai game da gadon, ta ce gobe ce ranar, gobe Yaya take cika shekara, kuma in la'asar ta same ta a ɗakin nan ba ta san ko za ta fita da hankalinta ba.

Inna Agogo ta bari ta gama kukan. Can ta ce, "Gobe ki zo ƙarfe takwas na safe, ki tashi sha ɗaya. Amma kar in ji wannan a bakin kowa, kin ji ko? In sauran suka ji, kowa sai ya kawo mini gawar kakarsa. Shekara ashirin ban taɓa canza wa mutum lokaci ba."

Auta ta rantse ba za ta faɗa ba. Washegari ta kai Mamana makaranta, ta wuce asibiti, ta yi shararta da hantsi, la'asar ta same ta a ɗakinta tana yi wa Yaya addu'a, yarinyar na barci a cinyarta.

Kwana uku bayan haka, tana taje wa Mamana kai da safe, 'yan sanda biyu suka yi sallama. An sake zubar da baƙin mai, a magudanar da ke gaban makarantar yara, da babur ɗinta, ranar sha huɗu ga wata, ƙarfe tara da kwata na safe. Kuma akwai shaidu biyu da suka ce da idonsu suka ga ta karɓi makulli ta hau. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mamana ta ƙanƙame ƙafarta tana ihu, "Anti, kar ki tafi! Anti, ba ki gama mini kitso ba!" Da ƙyar aka ɓamɓare yatsunta. Kafin azahar jami'ar marayu ta miƙa yarinyar ga dangi mafi kusa kafin a gama shari'a, rabin kanta a tsefe, rabi a kitse.

Ba wanda ya zo belin Auta, don wadda za ta tsaya mata ita ce ta kawo ta. Kwana biyu ta yi a bayan kanta, a zaune a kan siminti, tana kallon hasken rana yana tafiya a bango. Ta san sarai inda take ranar sha huɗu da ƙarfe tara da kwata. Kalma ɗaya za ta faɗa. Amma takardar alƙali ta ce biyu zuwa biyar, ita kuwa ta je takwas, a ganinta wannan ma wani laifin ne da za a ɗora mata. In ta buɗe baki, tsohuwar da ta tausaya mata za a kora bayan shekara ashirin, ga kuma rantsuwar da ta yi. Sai ta ji ta tsakanin alkawari biyu, kowanne na jan ta. Duk la'asar tarin nan yakan zo daga kusurwar ɗakin, a hankali, irin na mai jin nauyin damun mutane. "Yaya, ki yafe mini," take cewa, hawaye na ɗiga a kan tabonta. "Na kai ta da hannuna... ni na ce ni ce... Ya Allah, kai ne gatan wanda ba shi da kowa, ka dubi yarinyar nan, ba don ni ba!"

Ranar shari'a kotu ta cika. Gwaggo ta zo da sabon mayafi, ta zaunar da Mamana a ƙasa kusa da ƙafarta, jakarta a kan cinyar yarinyar. Kan nan yana nan yadda Auta ta bar shi, kuma a bayan hannunta akwai jan tabo sabo, irin na bakin tukunya. Auta ta gani sarai. Ɗan Lele ya fara shiga akwatin shaida. Magatakarda ya gargaɗe shi cewa shaidar zur bayan rantsuwa ba ta cikin ƙananan laifuka, tana can hawa na sama. Ya yi murmushi ya rantse, ya ce da misalin ƙarfe tara saura ta zo gareji ta ce a ba ta makullinta, ya ma yi mata nasiha ta ƙi ji. Gwaggo ta bi bayansa ta rantse, tana matse ido. "Ranka ya daɗe, ni na raine ta, amma gaskiya ɗaya ce. Tun tana ƙarama haka take, ba ta jin magana. Ina tsaye a ƙofar gareji ta wuce ni fuu!"

Alƙali ya juyo ga Auta. "Ke fa, ina kike a wannan lokacin?"

Auta ta miƙe tsaye. Ta dubi Mamana, ta dubi ƙasa. "Ranka ya daɗe... ba ni ba ce. Na farkon ma ba ni ba ce. Amma inda nake... ba zan iya faɗa ba."

Kotu ta ɗauki guna-guni. Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce maimaici ne a fili, laifi ya hau hawa na biyu, yana roƙon wata shida. Jami'ar marayu ta sunkuyar da kai ta fara rufe fayil. Alƙali ya ɗauki alƙalami, Auta ta ji sanyi ya zagaye wuyan hannunta.

"A dakata, ranka ya daɗe!"

Kowa ya waiga. Wata siririyar tsohuwa ce a bakin ƙofa, da rigar masu shara, rungume da littafi mai baƙin bango, tana haki. Inna Agogo ce. Kwana biyu ta ga layin Auta babu yatsa, yarinyar da ba ta taɓa lattin minti ɗaya ba, sai ta ɗauki mayafinta ta bi adireshi, maƙwabta suka nuna mata hanyar kotu. Ta ajiye littafin a gaban magatakarda ta buɗe da kanta. "Sha huɗu ga wata. Shiga, takwas saura minti huɗu. Fita, sha ɗaya da minti biyu. Ga yatsanta, ga sa hannun babbar nas. Ƙarfe tara da kwata tana wanke ƙarƙashin gado na tara, ina tsaye a kanta. In tana da jiki biyu, to ban sani ba."

"Inna, za su kore ki!" Auta ta faɗa cikin kuka. "Na rantse miki ba zan faɗa ba..."

Tsohuwar ta juyo, a karon farko idonta ya kawo ruwa. "Kai, wannan yarinya! Saboda ni kika yi shiru? Ni cewa na yi kar ki gaya wa masu shara, ban ce alƙali ba! Ina da ikon canza lokaci, yana rubuce a bangon littafin nan, ban dai taɓa so ba ne."

Alƙali ya daɗe yana duba shafin, ya sa aka gwada yatsan Auta a gabansa, ya yi daidai. Sannan ya ɗago ya kafe Ɗan Lele da ido. Kallon nan ne ya karya shi. Gumi ya keto masa, ya nuna uwarsa da yatsa. "Ita ce ta ce in yi da safe! Ita ta ce da safe tana gida ba mai shaidarta! Ni na farkon ne kawai nawa, na biyun dabararta ce, yarinyar take so!" Gwaggo ta zabura. "Ni? Ni kake tona wa asiri, Ɗan Lele? Don wa na yi?" Ta nemi ta faɗi, ba wanda ya tare ta.

"Kun zo nan a kan laifi mafi ƙanƙanta a littafin doka," in ji alƙali, muryarsa a kwance. "Da kai ka amsa shi tun farko, 'yan watanni ne ka fito. Yanzu ga maimaici, ga ƙage, ga shaidar zur bayan an gargaɗe ku. Wannan ya fi ƙarfin kotun nan, babbar kotu ce za ta ji ku, kuma daga nan za a wuce da ku." Ya juya ga Auta ya ce an soke hukuncin farko, an wanke sunanta, amma ta sani ɗaukar laifin wani ba alheri ba ne, kar ta ƙara. Jami'ar marayu ta dubi tabon hannun yarinyar, ta buɗe fayil ɗin da ta rufe, ta sa hannu a tsaye. Mamana ba ta jira kowa ba, ta ture jakar Gwaggo daga cinyarta ta ruga, Auta ta durƙusa ta tare ta, suka ƙanƙame juna suna kuka har dattijon magatakarda ya cire tabarau yana goge ido. Aka fita da Gwaggo da ɗanta ta ƙofar baya, tana kiran "'yata, 'yata", Auta ba ta ɗago ba.

Babu sauran kwanan shara a kanta. Amma washegari da yamma Inna Agogo ta ɗaga kai daga littafinta ta ga Auta a bakin ƙofa, babu rigar lemo, tana riƙe da hannun Mamana, an gama mata kitso tsaf.

"Ba ki cikin littafina yanzu," in ji tsohuwar.

"Na sani, Inna. Tsintsiya kawai za ki ara mini."

An sallami mai gado na tara da safe, katifar na nan a shimfiɗe ba kowa. Auta ta duƙa ta share ƙarƙashinsa lungu-lungu, ta gyara guntun katakon da ya goce. Ladan ya ɗaga murya. Ta tsaya cak, ta ɗora tafin Mamana a kan katifar, ta ɗora nata a kai, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Yaya, ga ta. Kwana biyu ta yi a can, ki yafe mini kwana biyun nan... ba za ta ƙara ba."

Ta saurara har aka idar da kiran salla. Gadon bai yi ƙara ba, ba ta kuma ji tari ba. Mamana ta ja gefen mayafinta ta ce, "Anti, wa kike jira?" Auta ta share fuska, ta jingine tsintsiyar a bango, ta goya yarinyar duk da ta wuce goyo.

"Ba kowa, Mamana. Ta tafi. Mu je gida."